Boka, Aljani da Mai Laifi: Yadda Masu Karatu Ke Auna Labaran Gaibu

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da ke haɗa abubuwa biyu waɗanda hankalin ɗan Adam bai cika sakewa da su ba, wato aikata babban laifi, kamar kisan kai ko sata ko ɓatar da mutum, da kuma gaibu, ma'ana duk abin da ya ɓoyu ga ido da kunne kamar aljanu da sihiri da mafarkin da ke zama gaskiya. A irin wannan labari ana samun gawa ko dukiyar da ta salwanta, ana samun mai bin sawu, amma hanyar da aka bi aka yi ɓarnar, ko hanyar da za a bi a tona ta, takan ratsa ta wata duniya wadda ɗan sanda ba ya iya rubuta ta a takardar bincike. Masu karatun Hausa sun daɗe da sanin wannan reshe ko da yake ba su ba shi suna guda ba, domin a teburin mai sayar da littattafai ana kiran wasu littattafan aljanu, wasu na matsafa, wasu kuma suna cakuɗe cikin na yaƙi ko na soyayya. Ra'ayinsu a kansa ya rabu, kuma rabuwar ta fi ƙarfi a kan tambaya ɗaya: wa marubuci ya ba ikon sanin abin da ke ɓoye?

Tambayar tana da nauyi na musamman a wuri irin Tchibarakaten, mahaƙar zinariya da ke can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, wadda ta cika da jama'a tun daga shekarar 2014, jim kaɗan bayan an gano zinariya a yankin Jado. Da hukuma ta rufe Jado a 2017, Tchibarakaten ta ci gaba da karɓar ma'aikata daga kudancin Nijar da arewacin Najeriya da Cadi da Sudan da wasu ƙasashen, kuma Hausa na cikin harsunan da ke haɗa su a ciniki da hira. Aikin wurin na haƙa ramuka ne masu zurfi cikin dutse, inda mutum ke sauka da igiya da fitila ɗaure a goshi, ya fasa dutse ya cika buhu a jawo shi sama, ruwan sha kuwa sai an yi dakonsa da mota daga nesa, sannan hanyar fita da zinariya tana fama da 'yan fashi har ta kai ayarin motoci kan jira rakiyar soja. Mutane biyu za su haƙa ramuka kusa da juna, ɗaya ya dace cikin mako, ɗaya ya shekara yana cin bashin abinci, kuma babu wani lissafi da zai gamsar da na biyun dalilin da ya sa aka yi haka. A mahaƙai da dama na Afirka ta Yamma, daga Burkina Faso zuwa Mali da Gini, masu bincike sun rubuta cewa ma'aikata da yawa sun ɗauka zinariya dukiyar aljanu ce, tana gudu daga wanda ya saɓa wa ƙa'idarta, kuma kuɗinta ba ya zama a hannu. Wanda ke rayuwa cikin irin wannan yanayi, idan ya saurari labarin ɗan kasuwar da ya ba da jinin ɗan'uwansa don ya yi arziki, yana auna shi ne da abin da ake raɗawa a kan maƙwabcinsa na rami, shi ya sa hukuncinsa kan labarin ya fi na mai karatun nishaɗi tsanani.

Adabin Hausa na zamani ya fara ne da irin wannan labari a hannunsa. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, akwai Gandoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya shiga duniyar aljanu, akwai kuma Jiki Magayi na John Tafida da East, wanda shi ne ya fi kusa da abin da ake magana a kai. A cikinsa attajiri Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya aure Zainabu wadda Abubakar ke nema, Abubakar ya bar gari yana neman asirin da zai rama da shi, asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya kashe mahaifinsa cikin dare ba tare da ya san ko wane ne ba. Abin da ya sa wannan ɗan littafi bai tsufa ba shi ne sammun da ke cikinsa bai wanke kowa ba, domin mai karatu yana iya cire asirin gaba ɗaya ya tarar da labarin yana tsaye da ƙafarsa: kwaɗayin mai kuɗi, da gabar da aka raina shekara da shekaru, da yaron da aka sangarta. Gaibu ya shigo ne ya ƙara wa laifin duhu, amma hannun da ya aikata na mutum ne, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna na baya da shi.

Bayansa an samu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982, inda Mailoma, wanda ya taso cikin Maguzanci, ya tara ƙungiyar miyagu bayan yaƙin basasar Najeriya, aka gwama bindiga da tsafi a labari guda. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma, da rubutun da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka yi suna wajen labaran tsoro da sarƙaƙiya, Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuwa ya cika kasuwa da littattafan yaƙi masu ɗauke da bokaye da aljanu.

A ƙasashen Turai da Amurka gardamar masu karatu ta bi wata hanya dabam. Tsohuwar al'adar labarin bincike a Ingila ta ƙi yarda da gaibu sam, har Ronald Knox ya sa haramcinsa cikin ƙa'idoji goma da ya tsara wa marubuta a 1929, kuma tun kafin nan Arthur Conan Doyle ya nuna salon a 1902 da labarin karen gidan Baskerville, wanda jama'a suka ɗauka fatalwa ce, Sherlock Holmes ya gano kare ne na gaske da wani mai kwaɗayin gado ya shafa wa sinadari mai ƙyalli. Daga baya aka samu marubuta da suka mai da mai gani har hanji ya zama shi ne jarumi, kamar Stephen King a littafinsa The Dead Zone na 1979, inda wani malamin makaranta ya farfaɗo daga doguwar suma da baiwar sanin sirrin duk wanda ya taɓa, har ya taimaki 'yan sanda gano mai kisa. Mai karatu a can yakan karɓi wannan a matsayin sharaɗin wasa, ya yarda da shi muddin littafin na hannunsa, ƙorafinsa kawai shi ne kada baiwar ta sauƙaƙa binciken har daɗin ya tafi.

Bahaushe mai karatu ba shi da wannan sararin, domin aljanu a wurinsa halitta ce da Alƙur'ani ya tabbatar, har da sura sukutum mai sunansu, sihiri ma ya yarda akwai shi kuma yin sa babban zunubi ne. A gefe guda kuma an karantar da shi cewa sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma hadisi ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Saboda haka marubucin Hausa yana da 'yancin sa boka ya yi kurciya, wato asirin da ke raba mutum da garinsu ya shiga duniya, ko ya ba ɓarawo layar zana don ya ɓace wa ido, ko sagau da ke sandarar da hannun mai kai sara, babu mai tuhumarsa, tunda mugu ne ke aikin mugunta. Ranar da ya sa bokan nan ya buga ƙasa, wato ya zana alamomi a rairayi don duba, ya faɗi sunan mai kisa kuma maganarsa ta tabbata, ranar ce masu karatu za su ce ya tallata shirka. Wannan ne ya sa jarumi mai gani har hanji bai samu gindin zama a adabin Hausa ba, kuma ƙin da masu karatu suka yi masa yana da hujja.

Marubuta sun nemi mafita ta ƙofofin da addini ya bari a buɗe, kamar mafarkin mutumin kirki da istihara, wadda ita ce sallar neman zaɓin Allah, amma wadda ta fi yawa tun daga shekarun 1990 ita ce ruƙiyya, wato karanta ayoyi ga wanda ake zaton aljani ya shafa. Duk mai bin waɗannan littattafai ya san yadda fitowar take: an zaunar da yarinya a tabarma an lulluɓe ta, 'yan'uwa sun riƙe ta, malami yana karatu a kunnenta da kofin ruwa a gefensa, sai muryarta ta sauya ta yi kauri, aljani ya fara kuka yana cewa ana ƙona shi, malami ya tambaye shi wa ya turo shi, shi kuwa ya ambaci kishiyar uwa ko abokin kasuwancin uba, ya faɗi inda aka binne layar. Masu karatu da yawa suna jin daɗin wannan wuri ƙwarai, musamman a labaran gidan aure inda kishiya da boka suka daɗe suna cin karensu babu babbaka, domin suna ganin gaskiya ta yi halinta ta hanyar Alƙur'ani, kuma suna cewa littafin ya koya musu riƙo da azkar da guje wa bokaye.

Wasu masu karatun, waɗanda ra'ayinsu ya fi cancantar a tsaya a kansa, suna ganin an shigo da bokan ne ta bayan gida an naɗa masa rawani. Hujjarsu ta fuskar addini ita ce aljani ba ya sanin gaibu, kamar yadda ƙissar rasuwar Annabi Sulaimanu a Suratu Saba'i ta nuna, inda aljanu suka ci gaba da wahalar aiki ba su san ya rasu ba sai da gara ta cinye sandar da ya dogara a kai, sannan malamai da dama sun yi gargaɗin cewa aljanin da ke cutar da mutum ba abin gaskatawa ba ne, yana iya ambaton sunan wanda bai ji ba bai gani ba don ya raba zumunci. Hujjarsu ta fuskar fasaha kuwa ita ce marubucin da ya ƙulla sarƙaƙiya a littafi na ɗaya da na biyu da na uku, mai karatu ya saya ko ya yi haya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kwance ta da bakin aljani a shafi biyu, ya ci amanar wanda ya bi shi. Babu sawun da aka bi, babu shaidar da aka tara, babu maganar mai laifi da ta ci karo da wata har ta tona shi, an dai gaji ne aka kira wanda zai faɗi amsa.

Muhawarar hukuma kan littattafan Hausa ba ta cika kula da wannan ba. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, wadda daga baya ta sa ido kan marubuta, da ƙona littattafan da aka yi a Kano a 2007 zamanin gwamnatin Ibrahim Shekarau, duk hankalinsu ya fi karkata ga batsa da tarbiyyar 'yan mata, alhali labarin da ke koya wa mutum cewa zargi yana zama hujja idan ya fito ta bakin gaibu ya fi kusa da zubar da jini. An sha jin yadda taron jama'a ya far wa tsohuwa bisa zargin maita, wato kama kurwar mutum a cinye, ko ya far wa baƙo bisa zargin satar mazakuta ta hanyar gaisawa, jita-jitar da ta sha zagaya Najeriya da Nijar tun shekarun baya. Dokar laifuka ta arewacin Najeriya ta haramta jifan mutum da maita, ta kuma haramta gano mai laifi ta hanyar gwajin asiri, amma doka ba ta isa wurin da rai ya riga ya ɓaci kafin jandarma ko ɗan sanda ya zo.

Yau yawancin waɗannan labarai sun bar takarda sun koma waya, ana rubuta su kashi-kashi, ana karanta su da murya a YouTube, ana tura su daga waya zuwa waya ko a katin memori, ta yadda wanda bai yi boko ba, ko wanda ya yi karatunsa da Faransanci bai saba da rubutun Hausa ba, yana sauraro daidai da kowa. Wannan sauyi ya kai labarin ga leburori da direbobi da 'yan fada masu shan shayi da dare, ya kuma ƙara masa ƙarfi, domin mai karantawa yakan sauya murya idan ya zo kan aljani, kuma abin da aka ji cikin duhu tare da jama'a ya fi kama da labarin da ya faru. A sansanin haƙar zinariya, inda mutum biyar ko goma ke tarayya a rami ɗaya bisa alkawarin raba abin da aka samu, ɓatan ɗan ƙullin zinariya ya isa ya sa a fara kallon juna, kuma idan aka ce za a kai maganar wurin mai duba, sunan da ya fi saurin fitowa shi ne na wanda ya zo daga nesa, ba shi da dangi a wurin, ba ya kuma jin harshen da ake tuhumarsa da shi sosai.