Garwashin Da Ba Ya Mutuwa Da Wuri

Kowace uwargida ta san garwashi a cikin toka. An gama girki, amma wutar ba ta mutu ba. Haka sandunan nukiliya suke.

Ana yin su da wani ma'adini mai suna yuraniyam. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, can arewacin Nijar. A ƙasashe kamar Faransa da Amurka, ana sa sandunan cikin babban inji. Zafinsu yana tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki.

Bayan 'yan shekaru ƙarfinsu yana raguwa, sai a cire su. Amma suna nan da zafi, kuma suna fitar da guba wadda ido ba ya gani. Tana ratsa jiki, tana kisa ko ta jawo ciwon daji.

Da farko ana nutsa su cikin ruwa, galibi shekara 5 ko fiye, don su huce. Sannan a sa su cikin tulun ƙarfe, a busar da cikinsa, a cika shi da iskar da ba ta kawo tsatsa, a liƙe bakin. Sai a kewaye tulun da siminti mai kauri, kamar rumbu. Iskar waje ce ke sanyaya shi. Amurka ta fara wannan ajiya a 1986. A 2011 ambaliyar teku ta afka wa tashar Fukushima ta Japan, amma sandunan da ke cikin tuluna ba su lalace ba.

Sai dai rumbu ma yana tsufa. Gishirin iskar teku na cin ƙarfe, siminti kuma na tsagewa. A Amurka izinin ajiya ba ya wuce shekara 40, sai an duba an sabunta. Gubar kuwa tana kai dubban shekaru. Shi ya sa ƙasar Finlan ta haƙa rami cikin dutse, zurfinsa ya wuce mita 400, don binne su.

A Nijeriya akwai ƙaramin injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ya fara aiki a 2004. A 2018 an cire tsofaffin sandunansa aka mayar ƙasar Sin, inda aka ƙera shi, aka sa sababbi.

Masu sayen tsohon ƙarfe su kula. Wasu kayan asibiti da na masana'antu ma suna ɗauke da irin wannan guba. Alamarsu ganye uku ne kewaye da ɗigo, bisa launin rawaya. Wanda ya ga ƙarfe mai wannan alama kada ya fasa shi. Ya nisance shi, ya sanar da dagaci ko hukuma. Rigakafi ya fi magani.