'Yar Jakar da Ke Tsare Ran Mai Saukar Laima

Hausawa kan ce raina kama ka ga gayya. Wanda duk ya kalli mai wasan saukar laima yana lilo a sararin samaniya, idonsa kan tsaya ne a kan faffaɗar laimar mai launi-launi. Ba safai akan tuna da wata 'yar jaka ta yadin nailan ba, wadda girmanta bai wuce na ƙaramin matashin kai ba, alhali kuwa ran mutumin ya rataya ne a kanta.

Idan mutum ya diro daga jirgin sama ya yi rubda-ciki a kan iska, cikin kimanin daƙiƙa 12 gudunsa kan kusa kilomita 200 a awa. Da a ce laima za ta buɗe farat ɗaya ana cikin wannan gudu, fizgar da za ta yi masa ta isa ta ji masa mummunan rauni a wuya, ko ta yage ita kanta. Ɗaliban kimiyya sun san dalili: gwargwadon gajartar lokacin da abu mai gudu ya ɗauka kafin ya tsaya, gwargwadon tsananin bugun da zai sha. Wannan shi ne bambancin motar da aka taka wa burki sannu a hankali da wadda ta yi karo da bango.

Aikin jakar shi ne ta hana laima fitowa har sai igiyoyinta sun gama miƙewa. Akan ninke laimar a cusa ta ciki, sannan a rufe. Murfin yana da hudoji masu zoben ƙarfe, kuma ta cikinsu ake zaro robobi irin na ɗaure kuɗi, amma masu kauri, a maƙala lanƙwasar igiyoyin a ciki. Ke nan igiyoyin su ne kwaɗon jakar. Ragowar tsawonsu akan jera shi dama da hagu a cikin sauran robobin.

Da lokacin buɗewa ya yi, sai mai sauka ya jefa wata ƙaramar laima a iska, dabarar da Ba'amurke Bill Booth ya fito da ita a shekarun 1970. Ita ce za ta zare fil ɗin da ya rufe kunshin da ke goye a bayansa, ta ɗaga jakar sama. Igiyoyi su yi ta warwarewa bi da bi, sai sun miƙe sarai sannan bakin jakar ya buɗe, laima ta fito ta sha iska.

Hatsarin iri biyu ne. In robobi sun saki, igiyoyi kan zubo gaba ɗaya, laima ta cika da iska tun ba su miƙe ba, fizgar ta yi tsanani. In kuwa wata lanƙwasa ta sarƙe da 'yar'uwarta, jakar kan ƙi buɗewa, mutum ya ci gaba da faɗuwa. A nan dole ya saki babbar laimar ya buɗe ta ko-ta-kwana. Shi ya sa aka zaɓi robar da kan tsinke in ja ya yi yawa: rauninta da gangan ne. Ita kuwa jakar laimar ko-ta-kwana ba a ɗinke ta da laimar ba, tana sakinta sai iska ta tafi da ita.

Saboda haka duk sa'ad da za a naɗe laima, akan duba robobin ɗaya bayan ɗaya, a sauya wadda ta tsage ko ta yi danƙo. Akan shafa zobban da yatsa, domin wanda ya lotse kan yi kaifi ya ci igiya. Akan kuma bincika ɗinki. Zafi kan lalata roba, hasken rana kuma kan raunana nailan, don haka ba a barin kayan a rana ko cikin rufaffiyar mota. A Amurka, tun daga shekarar 2008, doka ta wajabta wa masu wannan wasa kai laimar ko-ta-kwana wurin gwani mai lasisi ya kwance ta, ya bincika, ya sake naɗewa duk kwana 180, ko da ba a taɓa buɗe ta a sama ba.