Ɗaliban jami'a da yaran da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari

Wata ranar Asabar da la'asar, ina dawowa daga Kantin Kwari, na ratsa wani lungu a Fagge, sai na tarar da yara kusan ashirin zaune a kan tabarma cikin wani soro. Wata budurwa tana tsaye gaban ɗan ƙaramin allo tana koya musu haɗa baƙi da wasali. Da na ja na tsaya, wani saurayi ya taso ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Ko akwai yaronka a ciki?" Na ce masa a'a, kallo ne kawai ya tsayar da ni. Ashe ɗaliban Jami'ar Bayero ne. Sun soma wannan aiki a lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya shafe wata takwas. Zaman gida ya ishe su, suka haɗa kuɗin alli da littattafai, kuma da aka koma makaranta ba su watsar ba.

Na daɗe ina duban yaran. Ga almajirai biyu da robobinsu a gefe, ga wata yarinya ta ajiye farantin gyaɗarta a bakin ƙofa, ga kuma wasu uku daga Sabon Gari, Hausarsu na gauraye da Turancin buroka. Wanda ya san tarihin wajen zai gane nauyin wannan zama. Fagge tsohon zango ne na fatake da Buzaye a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa Turawa ne suka keɓe ta domin baƙi 'yan Kudu, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A watan Mayun 1953 an zubar da jini tsakanin unguwannin biyu. Yau ƙaramar hukuma ɗaya ta haɗa su, amma mu manya mun gaji ɗari-ɗarin: mu yi ciniki tare da rana, magariba na yi kowa ya kama ɓangarensa. Su waɗannan ɗalibai aji ɗaya suke zama da Musulmi da Kirista, ɗakin kwana ɗaya, don haka tsallaka titi bai zame musu wani abu ba.

Dokoki kam ba mu rasa ba. Tun 2003 Tarayya ta yi dokar 'yancin yara, Kano ta jira shekara ashirin kafin Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu a kan dokar kare yara ta jiha a 2023. An shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Sai dai doka ba ta shiga lungu da ƙafarta, wani ne zai ɗauke ta ya kai. Saurayin nan ya shaida mini cewa koyarwar ita ce mai sauƙi. Wahalar tana wajen zama gaban alaramma har ya yarda ya saki almajirinsa na awa biyu, da lallashin uwar da tallar 'yarta ce ke kawo cefanen dare, da raka yaro ofishin hedimasta, da jelen neman takardar haihuwa. Suna kuma sa kowane yaro ya haddace sunan mahaifinsa da na unguwarsu. Wanda ya tuna yaran Kano tara da aka sace aka gano su a Anacha a 2019 ba zai raina wannan darasi ba.

Ba duk ƙungiyar ɗalibai nake yabo ba. Akwai masu zuwa da robobin shinkafa sau ɗaya a shekara, su jera marayu a ɗauki hoto a watsa a Facebook, shi ke nan an gama. Fuskar yaro mai yunwa ba allon talla ba ce. Akwai kuma waɗanda ɗan siyasa ke ɗinka wa riguna masu hotonsa idan zaɓe ya ƙarato.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin ɗorewa. Ɗalibi baƙo ne a jami'a, shekara huɗu ko biyar ya tafi hidimar ƙasa, aikin ya bi shi. Me zai hana jami'o'inmu su lissafa irin wannan hidima cikin karatu, musamman ga ɗaliban tsangayar ilimi, ta yadda kowane rukuni zai miƙa wa na bayansa? Me zai hana 'yan kasuwar Kwari da na Singa, da masallatan Fagge da majami'un Sabon Gari, su ware ɗaki guda da kujeru?

Makon jiya na sake bi ta lungun. Budurwar ta kammala karatu, wani ɗan aji biyu ne ke riƙe da alli. Ya ce mini mai gidan yana so ya mai da soron ɗakin ajiyar yadi, ya ba su wa'adi zuwa bayan Sallah, har yanzu suna neman wuri.