Citta, kanumfari da lemun tsami: Sirrin zoɓon da ke riƙe mai saye a Gangara

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Gangara ko Gazawa ko Agye a cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ya san babu abin da ake rububi kamar ledar zoɓo mai sanyi ko lemun citta. Sai dai abin da muka lura da shi shi ne, mata biyu za su zauna a inuwa ɗaya da kula iri ɗaya, kowacce na sayar da leda dala biyar, amma kafin azahar ɗaya ta karkaɗe kularta, ɗayar kuwa ta koma gida da rabi. Bambancin yana wurin kayan yaji da lemun tsami, da lokacin da aka zuba kowannensu.

Da farko, kayan yaji masu ƙarfi, wato citta mai yatsu da kanumfari da masoro da kimba, wuta suke so. A daddaka su sama-sama, a zuba su tun ruwa yana tafasa, domin zafi ne ke fito da man da ke ɗauke da ƙamshinsu. Amma a yi hattara da kanumfari, domin in ya yi yawa yakan kashe harshe ya danne ɗanɗanon zoɓon baki ɗaya. Kimba ma a fasa ta a cire 'ya'yan, saboda a nan ɗacinta yake. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: a fara da kaɗan a ɗanɗana, tunda ana iya ƙarawa amma ba a iya ragewa.

Shi kuwa lemun tsami ba ya shiri da wuta. In aka tafasa ruwansa, ƙamshin ya tafi, sinadarin bitamin C da ke cikinsa ya ragu. Sai an tace zoɓon ya huce sannan a matsa shi, a tsame 'ya'yan. Nan take za ki ga jan ya ƙara haske, domin tsami yana raya launin zoɓo, saɓanin kanwa da ke mayar da shi duhu. Mai son ƙamshin ɓawo ta kankare koren sama kaɗai, ta bar farin da ke ƙarƙashi, don shi ne uwar ɗaci.

Wannan hikima ba a nan kaɗai aka san ta ba. A kudancin ƙasar Beljiyam akwai wata giya ta manoma da ake kira Sezon, wadda a da akan dafa cikin sanyi a ajiye wa 'yan ƙwadagon gona. Wasu masu dafa ta kan saka ɓawon lemu da citta mai 'ya'ya, irin tamu ta Afirka ta Yamma, kuma ɗan kaɗan suke sakawa, dab da sauke tukunya. Mu ba giya muke yi ba, amma akwai darasi na biyu a nan: abin da ke mayar da nasu ruwan giya shi ne ƙwayoyin yis da ke cin zaƙi, kuma irinsu suna nan a iska da jikin mazubi. Ke nan zoɓo mai sukari in ya kwana cikin zafi ba firji, zai fara tsami da kumfa. In kika ga gora ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe, to ya juya. Kada a sayar wa kowa, balle mai azumi. Kanumfari da lemun tsami suna ɗan jinkirta lalacewa, amma ba sa maye gurbin ƙanƙara da wanke gora da sabulu.

Mun san tsada ta taɓa sana'ar. Akasarin cittar da ke kasuwanninmu daga kudancin Jihar Kaduna take zuwa, yankin Kaciya da Kafancan, kuma a 2023 wata cuta ta cinye gonakinta a can. A shekarar ce kuma aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Wannan ya sa wasu suka koma ga garin lemo na leda, wasu kuma suka cika barkono don ya yi yaji a maimakon citta. To amma bakin mai saye ba ya ruɗuwa, kuma garin leda kowa na iya kaɗa shi a gidansa.

Shawararmu ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu ita ce, gara ki rage yawan abin da kike dafawa ki inganta shi, ki sayar ya ƙare a ranar. Zoɓon nan a gefen gonakinmu ake noma shi, a saye shi da kaka yana araha a adana inda ba laima. Citta da kanumfari kuma, mata uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saro tiya guda su raba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wadda ta kyautata hannunta, masu saye ne da kansu za su yi mata talla. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.