Tabarau: me yake gyarawa a ido, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Tela ya shekara ashirin yana zura zare a allura ba da wata wahala ba, yau sai ya kira yaron shago. Malami sai ya nesanta littafi da fuskarsa kafin baƙi su fito. Ƴar kasuwa tana miƙa wayarta a karanto mata saƙon kuɗi. Daga Garwa zuwa Njamena, daga Maraɗi zuwa Zangon Kumasi, kukan ɗaya ne, kuma sau da yawa maganinsa bai wuce tabarau ba.

A rahotonta na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ke fama da raunin gani. Biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu ta kauce ko ta magantu da sun samu kulawa. Rashin tabarau da yanar ido su ne kan gaba.

Yadda ido ke gani

Haske yana shiga ta baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi mai laushi, wanda ke tattara shi ya sauke a bangon ƙwayar ido na baya. Idan ya sauka daidai, gani ya fito tar. Idan ya kuskure, sai dishi-dishi. Aikin tabarau shi ne karkato hasken ya sauka inda ya kamata.

Matsaloli huɗu ne ke zuwansa. Akwai rashin ganin nesa, wanda likitoci ke rubutawa myopie da Faransanci: yaro ya karanta littafi lafiya, amma rubutun allo ya gagare shi. Lambar gilashinsa tana ɗauke da alamar ragi (-). Akwai hypermétropie, inda ido ke wahala da abin da ke kusa, har kai ya riƙa ciwo. Akwai astigmatisme, inda gaban ido bai zagaye sumul ba, sai layuka su karkace kusa da nesa. Ta huɗu, presbytie, ita ce ta tela da malami. Daga shekara 40 madubin cikin ido yana fara tauri, kuma babu wanda yake tsira idan rai ya kai.

Shin tabarau na kashe ido?

Mutane da dama suna gudunsa, wai in ka fara ba ka dainawa. Gaskiyar ita ce taurin madubin yana ƙaruwa da shekaru har wajen 60, ko an sa tabarau ko ba a sa ba. Shi ya sa wanda ya fara da lamba +1.00 yakan kai +2.50 ko +3.00. Wanda kuwa ya saba ganin rubutu tar, in ya cire sai ya ga kamar idon ya ƙara lalacewa, alhali dishi-dishin da ya saba jurewa ne.

Na kasuwa fa?

Tabarau na karatu da ake tallarsa a tire yana iya amfanar babba wanda ganin kusa kaɗai ke damunsa. A riƙe rubutu a tazarar santimita 40, a zaɓi lamba mafi ƙanƙanta da ta fito da baƙi. Sai dai gilasansa biyu ƙarfinsu ɗaya, idanun mutane da yawa kuwa sun bambanta. Ba ya gyara ganin nesa, kuma ba na yara ba ne. Yaron da ke ƙanƙance ido, ko yake matsawa jikin allo, a kai shi awo da wuri, domin idon da bai koyi gani sosai ba kafin shekara 7 ko 8 yana iya zama rago har girma.

Inda tabarau ba ya kaiwa

Yanar ido aikin tiyata take so. Hawan jinin ido yana cin gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ciwon suga ma yana lalata bangon ido na baya. Mutum na iya sayen tabarau ya ji daɗin karatu, cutar tana aikinta a ɓoye. Saboda haka wanda ya haura 40 ya nemi a auna masa ƙarfin ruwan ido, ba lambar gilashi kaɗai ba. Gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da zafi, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti ranar.

Ga masu ƙetara iyaka: lambobin awo iri ɗaya ne ko'ina. Takardar da aka rubuta a Kano za ta yi aiki a Yawunde. A ta Faransanci, OD idon dama ne, OG na hagu. A adana ta, a kuma ɗauki hotonta a waya.