'Yan Daudu a Tarihin Wasannin Hausa

Duk wanda ya buɗe littattafan da ake koyar da wasan kwaikwayon gargajiya da su zai tarar da tashe da wasan gauta da kalankuwa da 'yan kama da bori. Da wuya ya tarar da 'yan daudu, alhali sun daɗe a tsakiyar fagen. A ganina wannan babban giɓi ne, domin abin da suke yi a taron biki fasaha ce da ake koya, ake kuma miƙa ta daga babba zuwa ƙarami kamar kowace sana'a. Sauya kama kuwa ba baƙon abu ba ne a wasanninmu. A tashen Mairama da Daudu, yarinya ce take sa riga da hula ta zama mijin. A wasan gauta, matan fada ne suke kwaikwayon sarki da fadawansa. A bori, Ɗan Galadima yakan hau mace ta koma ɗan sarki mai kyauta da son caca, Inna kuma takan hau namiji. 

Makarantar ɗan daudu ita ce rumfar abinci. A tashar mota ko bakin kasuwa, yaron da gida ya kora yakan raɓu da wani babba, ya fara da wanke-wanke da fige kaji, sannan a bar shi ya tsaya a kan kaskon suya. Babban shi ake kira uwa, ƙaramin kuma 'ya, sa'o'i kuwa ƙawaye ne. A nan yake koyon yadda ake ɗaura zani a ƙirji, da yadda ake tafa hannu a riƙe haɓa, da uwa uba habaici: a yaɓa wa mutum magana a gaban jama'a ba tare da an kama sunansa ba, shi ma ya mayar nan take, 'yan kallo suna shewa. Wannan aiki ne na kaifin harshe da sanin lokacin da za a saki magana, irin wanda ɗan kama yake yi. Ranar biki ake baje kolinsa. Makaɗa suna kiɗa, ana rawa ana liƙi, kuɗin da aka liƙa kuma bashi ne da za a rama ranar bikin wani. Da wannan zumunci ake biyan kuɗin asibiti, ake haɗa wa wani jari, ake tura wani Jidda neman aiki. Rudolf Gaudio, masanin harshe daga Amurka da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya bayyana wannan tsari a littafin da ya fitar a 2009, ya kuma nuna cewa da yawansu suna da mata da 'ya'ya, suna salla, suna zuwa aikin hajji.

Za a ce addini ya hana namiji kamanta kansa da mace, kuma hadisin da ya faɗi haka sananne ne. Gaskiya ne, kuma ba na neman malami ya sauya fatawa. Sai dai rubuta tarihin abu daban yake da halatta shi. Malamai sun yi shekaru aru-aru suna wa'azi a kan bori, amma jami'o'inmu suna nazarinsa, ba wanda ya ce sun yi ridda. Za a kuma ce daudanci cuta ce da Turawa suka kawo. Wannan ba ya tsayuwa, domin kakanninmu sun ci tuwon 'yan daudu tun kafin a san talabijin, kuma salon maganarsu Hausa ce tsantsa, cike da karin magana. Wanda ya jingina abin ga Turai yana sauƙaƙa wa kansa ne kawai, don kada ya dubi maƙwabcinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ai al'umma ba ta manta da su ba, tunda ga su nan a finafinai. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu a farkon shekarun 2000, jama'a suka yi dariya har da hawaye. To amma wa ya riƙe alƙalamin? An ari tafiyarsu da muryarsu an sayar, su kuwa masu abin a daidai wannan lokaci ake tashin rumfunansu, bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hisba. Dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ta ƙara tsoro, har ga waɗanda ba ruwansu da wannan batu. A 2024 kuma hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna daudanci a fim gaba ɗaya. Biki ya koma bayan ƙofa, matasa sun koma waya da TikTok, inda ake samun 'yan kallo amma ba a samun uwar da za ta ba ka wurin kwana. Wanda ya fi shan wahala shi ne tsohon da ƙarfinsa ya ƙare a bakin murhu, ba fansho, ba 'ya'yan rumfa da za su ɗauke shi.

Waɗannan tsofaffi suna nan da ransu a Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi, kuma a kansu akwai habaici da kirari da labarin bukukuwan da ba a rubuta ko'ina ba. Ina kira ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero da masu koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello su je su zauna da su, su naɗi maganarsu da izininsu, su sakaya sunayensu saboda tsaron lafiyarsu, tun suna iya ba da labarin da bakinsu.