Tsirkiyar Bes Mai Jure Ƙurar Hunturu

Mai kukuma ko goge ya san izgar dokin da ya ɗaura ita ce muryar abin kiɗansa. Haka abin yake ga jitar bes ta lantarki, wadda matasa ke kaɗawa a majami'u da tarukan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Sai dai da yawa suna sayen duk tsirkiyar da aka miƙo musu, alhali manyan irinta biyu ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne.

Kowace tsirkiyar bes waya ce a tsakiya, an naɗe ta da wata. Idan wayar naɗin mulmulalliya ce, tsirkiyar za ta yi kaushi, da ƙananan ramuka tsakanin naɗi da naɗi. Idan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce aka goge ta, sai ta fito sumul. Wannan ta biyun ita ake rubuta wa Flatwound a jikin fakiti.

Ita ce ma ta asali. Da ita kamfanin Fender ya fitar da Precision Bass a 1951, kuma da ita James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin Motown a Amurka, yana shekaru bai canja ba. Mai kaushin ta yi tashe ne daga 1966, bayan kamfanin Rotosound na Ingila ya yi aiki da makaɗin bes John Entwistle, wanda ke son amo mai kaifi.

Ga makaɗin Dutsin-Ma ko Kurfi, ni dai mai santsin nake ba shi shawara, kuma dalilina ƙasarmu ce. Ƙurar hunturu da gumin bazara suna taruwa a ramukan nan na mai kaushi, su daskare, cikin 'yan watanni amonta ya dushe. Mai santsi ba ta da inda datti zai maƙale. A shafe ta da ƙyalle bayan kiɗa, shi ke nan. Gaskiya ta fi tsada, amma wanda sai ya yi saƙo Katsina ko Sabon Garin Kano kafin ya samu sabuwa, gara ya biya sau ɗaya ya huta. Amonta kuma mai kauri ne, gajere, ba ƙarar gogar yatsa, yana barin kalangu da muryar mawaƙi su fito fili.

Tana da nata sharuɗɗan. Yawanci ta fi tauri, tana jan wuyan jita da ƙarfi, ga itacen da hunturu ya riga ya busar, don haka a nemi wanda ya iya ya daidaita ƙarfen cikin wuyan bayan an ɗaura. A kuma auna kafin a saya: tsawon sashen tsirkiyar da ke kaɗawa a yawancin bes inci 34 ne, a gajeru 30. Idan kaurin tsirkiyar ya hau kan maɗaurin da ake murɗawa, tana iya tsinkewa tun ranar farko. Mai salon marin tsirkiya da babban yatsa kuwa ya tsaya ga mai kaushi, domin mai santsi ba za ta ba shi kaifin da yake nema ba.